Wai da gaske farce yana nuna ciwon da ke cikin jiki?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni musamman ga ma'aikatan lafiya da ke gidan nan. Kun san sana'ata ƙunshi ce, shekara sha ɗaya kenan ina riƙe hannun mata a Tudun Wadar Kaduna, to jiya na ga abin da ya hana ni barci. Ƙanwar maigidana ce ta zo daga Rigasa in mata jan lalle za ta bikin ƙawarta, ina ɗora lallen sai na ga farcen ya lotsa ta tsakiya bakinsa ya ɗago sama kamar ƙaramin cokali, har ruwan lallen yana taruwa a ciki ya kwanta. Ba ɗaya ba fa, yatsu shida na ƙirga. Ga laushi kamar ɓawon albasa, kuma fari fat babu ɗan jan nan da ake gani a ƙarƙashi. Haihuwarta huɗu cikin shekara shida, na goyen watansa bakwai. Na mata magana tace ai ya kwana biyu a haka, wankin yara ne, ni kuma hankalina bai kwanta ba don daga inda mai keke ya sauke ta zuwa ƙofar gidanmu da ta tako sai da ta zauna tana haki kamar wadda aka koro. Wai farce yana nuna ciwo ne ko wankin ne da gaske?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Wanki ne wlh, ni ma da hunturu haka nawa yake ɓarewa yana karyewa, ta dinga shafa man kaɗanya ko basilin da daddare zai dawo daidai.

Hajiya Babba:
Allah sarki yarinya. A zamaninmu cewa za a yi jegon ne bai karɓe ta ba, sai a tsare ta da kunun kanwa da farfesu. Amma haihuwa huɗu a shekara shida ai jiki dole ya gaji.

Anti Nas:
Maman Ilham Allah ya saka miki da alheri da kika lura. Ummu Sadiq gaskiyarki ta wani ɓangaren, ruwan sabulu da iskar hunturu suna busar da farce ya dinga tsagewa, amma abin da aka kwatanta nan ya wuce haka. Farcen da ya lotsa har ɗigon ruwa yana zama a ciki, ga fari, ga haki, ga haihuwa kusa da kusa, abu na farko da muke zargi ƙarancin jini ne na rashin sinadarin ayon. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba cikin, ki duba tafin hannu da harshe, in duk sun koɗe to kar a jira a gama biki. Kuma ki tambaye ta tana cin farar ƙasa ko tana tauna ƙanƙara? Mata da yawa suna ɗauka kwaɗayi ne alhali jiki ne ke nuna ayon ya yi ƙasa. Abin ya mana yawa sosai, binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. Gwajin PCV na auna yawan jini kawai za a mata, a ɗan ɗibi jini, ba ya cin lokaci, asibitin Yusuf Dantsoho ga shi nan kusa da ku, ko ƙaramin asibitin unguwarsu ma suna yi. Hajiya Babba ki yi haƙuri Mama, farfesun dai ya yi musamman na hanta, amma kunun kanwa ba ya ƙara jini.

Maman Ilham:
Innalillahi Anti Nas, farar ƙasa kam a jakarta ma na gani, tun tana da ciki take ci har yau ba ta daina ba.

Abban Walid:
Ni fa dama irin wannan maganar nake tsoro. Yanzu kowa ya zama likita a waya. Kwanaki uwargidana ta kalli wani bidiyo wai in kana da farin ɗigo a farce to ƙashinka na zagwanyewa, in akwai layi ƙodarka ta lalace, ranar ba mu yi barci ba, washegari na kashe kuɗi mai yawa a gwaje-gwaje aka ce lafiyarta ƙalau sai hawan jinin da fargabar ta so jawo mata. Dan Allah a bar likitoci su yi aikinsu, farce farce ne, manomi da bakanike da mai wanki kowa da irin nasa.

Ɗalibin Shika:
Abban Walid wlh na fahimce ka, kuma rabin abin da ake yaɗawa a bidiyoyin nan ba shi da tushe. Farin ɗigon nan da ake cewa rashin kalsiyam ne, yawanci bugewa ce kawai, ka buge gindin farcen da ƙofa ko wani abu ka manta, bayan makonni ya fito da tabon, yana tafiya da farcen har a yanke shi. Siraran layukan da ke tafiya a tsaye daga gindi zuwa baki su ma yawanci shekaru ne, duba hannun duk wani dattijo za ka gani. Amma kar mu zubar da maganar gaba ɗaya, mu ɗaliban likitanci a nan abin da ake fara koya mana in za ka duba mara lafiya shine ka karɓi hannunsa ka kalli farce tun kafin ka ɗora masa abin sauraron ƙirji. Dalili kuwa farce a hankali yake tsirowa, kamar milimita 3 a wata, na hannu yana ɗaukar wajen wata shida kafin ya sabunta gaba ɗaya, na ƙafa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saboda haka abin da jiki ya sha watannin baya yana nan a kansa. Ba ya faɗa maka sunan ciwo, abin da yake yi shine ya sa ka san inda za ka nema.

Maman Ilham:
Wannan lissafin naka daidai ne ƙanina don mu masu lalle mun fi kowa gani. Wadda na yi wa jan lalle da ƙaramar salla in ta dawo da babbar salla, wata biyu da kwana goma kenan, za ka ga farin da ya fito daga gindi ya kai kusan rabin farcen, lallen ya koma can sama.

Ummu Sadiq:
Mu da muna yara in balbela ta gifta har yatsu muke kaɗa mata wai ta ba mu farin farce, in ɗigon ya fito mu yi ta murna, ashe bugewa ce.

Amaryar Malali:
To ni ga tawa tambayar. Ɗana ɗan shekara biyar ya yi zazzaɓi mai tsanani har aka kwantar da mu kwana takwas, ya warke alhamdulillah, sai bayan kamar wata biyu na ga wata kwarmi ta gitta a farcensa a kwance, duk yatsun kuma a wuri ɗaya kamar an auna an zana. Kakarsa tace a kai shi a masa tofi. Yanzu har ta kusa kai baki.

Ɗalibin Shika:
Anti wannan shine ainihin abin da nake faɗa. Lokacin da ciwo ya yi tsanani jiki yana dakatar da ginin farce na ɗan lokaci, in an samu sauƙi ya ci gaba, wurin da aka tsaya ɗin ne yake fitowa kamar kwarmi. Wani likitan Faransa mai suna Beau ne ya bayyana shi tun 1846, har yau da sunansa ake kiran layin. Tunda yaron ya warke yana ci yana wasa babu abin da za a yi, zai fita da kansa. Inda za ki koma asibiti shine in sabbi suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin san ya yi wani ciwo ba. Addu'a kuwa kullum ana so.

Ɗan Kakuri:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba amma Abban Walid ɗan uwa ka ji nawa labarin. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya fi shekara biyu yana tari, mu duk mun saba har ba ma jinsa, a ce sanyi ne, a ce ƙurar masaƙa ce da ya sha yana saurayi, a sayo maganin tari a kemis. A hankali kan yatsunsa ya dinga kumbura yana zama kamar kan taɓarya, farcen ya lanƙwasa ya rufe kan yatsan yana sheƙi, ba zafi ba komai, ni da kaina nake yanke masa farce duk Juma'a ina gani ina cewa tsufa ne. Ranar da ya yi amai da jini muka kai shi asibiti, likitan bai ma gama jin bayaninmu ba ya kama hannunsa ya juya ya ce tun yaushe yatsun nan suka koma haka? Na ce sun fi shekara. Shiru kawai ya yi. Aka yi hoton ƙirji da gwajin kaki, tibi ne, kuma ya riga ya cinye masa huhu ɗaya sosai. Ya sha magani wata shida tibin ya mutu amma numfashin bai dawo ba, haka ya yi ta fama har Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, amma har yau in na tuna hannun nan yana cikin nawa duk sati ban san me nake kallo ba sai ƙirjina ya yi nauyi.

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, kai kuma Allah ya ba ka ladan jinya ɗana. Kar ka ɗora wa kanka, ka yi iya abin da ka sani.

Abban Walid:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta masa. Ɗan uwa ka yi haƙuri, ban faɗi maganata don in raina irin wannan ba.

Anti Nas:
Amin ya Allah. Tunda an zo nan bari in ce wani abu, duk wanda tari ya kai masa sati biyu ya je a gwada kaki, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma a jihar nan muke da cibiyar tibi da kuturta ta ƙasa da ke Saye a Zariya. Kumburin kan yatsu irin na Baba ba tibi kaɗai ke kawo shi ba, akwai sauran cututtukan huhu har da ciwon daji, akwai ciwon zuciya musamman yaran da aka haifa da matsalar zuciya, akwai na hanta. Wasu kuma gadonsa suka yi lafiyarsu ƙalau, shi ya sa tambayar ita ce dama haka yake ko canzawa ya yi.

Ɗalibin Shika:
Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi yanzu. Ka haɗa bayan yatsanka manuni na dama da na hagu, farce ya kwanta a kan farce, ka ɗaga wajen haske. Za ka ga wata 'yar ƙaramar kafa a gindin farcen haske yana wucewa. In kafar ta toshe gaba ɗaya to a nuna wa likita. Wani likitan zuciya na Afirka ta Kudu, Leo Schamroth, shi ya bayyana gwajin a 1976, a kan yatsunsa ma ya lura da shi lokacin da shi kansa ya yi ciwon zuciya.

Ummu Sadiq:
Na gwada nawa akwai kafar alhamdulillah. Amma ni baƙin layi ne a farcena a tsaye, yatsu uku, tun ina budurwa. Yanzu kun sa gabana yana faɗuwa.

Ɗalibin Shika:
Kwantar da hankalinki Anti, mu baƙar fata wannan layin ya zama ruwan dare, launin fatarmu ne ke sauka cikin farcen, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Wasu magunguna ma suna kawo shi, masu sikila da ke shan maganin hydroxyurea da yawa farcensu yana yin duhu. Wanda ake tsoro daban yake, yatsa ɗaya ne tak, sabo ne, yana ƙara faɗi wata bayan wata, baƙin yana malalowa kan fatar da ke gefen farcen, ko farcen ya fashe ya zama gyambon da ba ya warkewa. Wannan yana iya zama kansar fata. Mawaƙin Jamaika Bob Marley a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa tasa ta fara, an gano ta a 1977 bayan an ɗauka ciwon ƙwallo ne, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. Naki da ya shekara da shekaru a yatsu uku bai canza ba ba shi ne wannan ba, ki dai ɗauki hotonsa ki ajiye don ki gane in ya sauya.

Maganin Gargajiya Sahihi:
Akwai haɗin ƙarin jini da wankin hanta na kwana uku, mai buƙata ya min magana ta gefe.

Admin:
Malam mun sha faɗa ba a talla a nan, balle a kan wadda ba a ma gwada ba. Na goge sauran.

Malam Na Badarawa:
Jama'a tunda ana maganar farce kar a manta da ɓangaren addini, yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, kuma hadisin Anas ya nuna kar a bar shi ya wuce kwana arba'in. Datti da ƙwayoyin cuta a ƙarƙashinsa suke zama, da hannun kuma muke cin tuwo. Abin da ke damuna shine masu yawo da almakashi suna yankan farce, ranar Juma'a ka ga mutum goma a layi almakashi ɗaya, ɗan ruwan kumfa a gora da soso guda.

Abban Walid:
Malam a nan kuma zan sake ja. Yaran nan abincinsu suke nema, da su yi bara ko sata fa? Ni shekara ashirin suna yanke min ban ga komai ba.

Anti Nas:
Abban Walid ba wanda ya ce a kashe musu sana'a. Matsalar ita ce suna sassaƙe gefen farce su kankare fatar gindin, sau da yawa jini yana ɗan fitowa ko ba ka lura ba, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe aƙalla kwana bakwai, ruwan kumfa ba ya kashe ta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba don tana iya shekaru ba alama, cewa ba ka ga komai ba ba ya nufin babu, gwaji ne kawai ke faɗa. Ka sayi almakashinka da rezarka ka sa a aljihu, ka miƙa masa ya yanke maka ka biya shi kuɗinsa, shi ya samu kai ka tsira. Kuma rigakafin yana nan allura uku ne cikin wata shida, yaranmu tun 2004 aka sa shi cikin rigakafin jarirai, mu manya ne aka bari a baya. In hanta ta riga ta lalace ma farce yana nunawa, ya yi fari kusan duka sai ɗan siririn ja a baki, masu ciwon ƙoda kuma wani lokaci rabi fari rabi ja-ja, amma kafin a kai nan an yi nisa. Wani abin kuma fatar gindin farcen nan da ake kankarewa ita ce murfin da ke hana ƙwayar cuta shiga, cire ta na jawo ɗan karkare, mai ciwon suga kuwa ko kusa kar ya bari a sassaƙe masa farcen ƙafa.

Abban Walid:
To wannan na karɓa. Almakashi ba tsada gare shi ba. Gwajin hantar ma zan yi in sha Allah.

Amaryar Malali:
Anti Nas wai malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego yana ƙara jini?

Anti Nas:
Ƙarfi dai za ta ji saboda suga, amma madara ba ta da ayon na kirki. Hanta, jan nama, kifi, wake, zogale, alayyahu, a haɗa da lemu ko gwaiba don suna taimaka wa jiki ya tsotsi ayon ɗin. Shayi kuma yana hana shi shiga, a raba shi da lokacin cin abinci ko shan maganin. Amma wadda jininta ya yi ƙasa sosai abinci kaɗai ba zai ɗago ta ba.

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani kan ƙanwar maigidana. Ba a sha da sauƙi ba don da farko mijinta cewa ya yi lafiyarta ƙalau tunda tana girki tana wanki, sai da maigidana ya kira shi a matsayinsa na yayanta sannan ya yarda, ni na raka ta shekaranjiya. PCV ɗinta 22, nas ɗin tace na mace mai lafiya daga 36 ne zuwa sama, har tana tambayarta ya aka yi take iya ɗaukar yaro a haka. Likita ya duba ya tambaye ta al'adarta, ashe tunda ta dawo take mata kwana tara tana zuba sosai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, kunya. An ba ta maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki, an ce bayan gida zai yi baƙi kar ta tsorata kuma kar ta daina sha don ta ji sauƙi, ko jinin ya dawo za ta ci gaba wata uku, an tura ta ɓangaren mata saboda zubar jinin kuma sun yi mata maganar tazarar haihuwa. Za mu koma bayan sati biyu a sake gwadawa. Wlh da muka fito ta riƙe hannuna tana kuka tace ita ta ɗauka haka kowace mai yara take ji, jiri in ta miƙe da bugun zuciya, ta ɗauka ragwanci ne ya kama ta.

Anti Nas:
Alhamdulillah da aka je. Farcen shi zai fi komai jinkirin gyaruwa, kar ku damu in kun ga haki ya tafi shi yana nan, sai sabo ya tsiro daga gindi. Lallen da kika sa mata ma zai taimaka, farin da zai biyo bayansa shi za ku dinga dubawa ko ya miƙe. In za ku koma kar a ƙara mata wani lallen ko jan farce, a bar likita ya ga launinsa. In kuma hakin ya ƙaru ko ƙafa ta kumbura ko ta yanke jiki ta faɗi kar ku jira sati biyun.

Ɗan Kakuri:
Allah ya ba ta lafiya. Maman Ilham Allah ya biya ki.

Hajiya Babba:
To wa ke kama mata aikin gida yanzu? Yara huɗu da wanki da ɗiban ruwa, magani kaɗai ba zai yi ba in ba ta huta ba.

Maman Ilham:
Mama na ɗauko manyan biyu suna wajena, Umma kuma ta tura mata ƙanwarsu ta zauna da ita zuwa ƙarshen wata. Farar ƙasar ma na karɓe. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kasuwar Bacci da safe in sayo mata hanta da zogale in kai mata Rigasa kafin masu ƙunshi su fara zuwa.